Kuɗin Hadayar Goggo Shatu

Ranar Arfa garin Makka kan zama kamar an share shi. Motocin haya sun bi alhazai, 'yan sanda sun bi su, masu tura keken tsofaffi da masu tallan ruwa duk sun tafi neman na Salla. Titin Mansur, wanda kullum sai ka yi da kafaɗa kafin ka wuce, ya koma na kuliyoyi da zafin rana. Shi ya sa Tijjani mai magsala, wato shagon wanki da guga, ba shi da ranar da yake ƙauna a shekara kamarta. Da an yi azahar sai ya ja ƙofar shago ƙasa, ya shimfiɗa koren bargo a kan teburin guga na ɗakin baya, ya fito da karta. Ranar da duniya take kuka tana neman gafara, ita waɗannan bayin Allah suka zaɓa, don kawai babu mai leƙo su. Abin kunya ne, su ma sun sani, shi ya sa ba mai ambaton sunan ranar a ɗakin.

A hajjin 2016 Suhaibu bai fito da niyyar zama a teburin nan ba. Mutumin Kazaure ne, shekararsa tara a Makka yana gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Ba shashasha ba ne. Yana salla, yana aika wa iyalinsa abin da ya samu, iƙamarsa, takardar izinin zama, ba ta taɓa mutuwa ba. Ciwonsa ɗaya ne, bai yarda shi ɗan caca ne ba. A ganinsa sauran ne ke caca, shi lissafi yake yi.

A aljihun jallabiyarsa ranar akwai farar ambulan. Goggo Shatu ce ta ba shi, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goye shi bayan uwarsa ta rasu. Ta kusa saba'in, man gyaɗa da ƙuliƙuli ta sayar shekara da shekaru kafin ta taka ƙasar nan. Da aka ce alhazai su biya kuɗin hadaya, ragon da ya wajaba a yanka wa mai aikin hajji irin nata, sai ta ƙi biya ta banki. Ta ce ita tana da ɗa a garin, wanda zai ga ragon da idonsa, ya shafa bayansa, ya tsaya a kansa har a sa wuƙa. Mata shida 'yan ɗakinsu suka ji haka suka bi ta. Aka haɗa riyal dubu uku da 'yan kai, aka rubuta sunayen su bakwai da ajami a bayan ambulan. Aikin Suhaibu ba wuya: bayan la'asar ya je kasuwar dabbobi ta Ka'akiya ya biya wani dillali ɗan Cadi da suka riga suka yi ciniki, gobe da safe a yanka, ya bugo mata waya ta sani, su yanke gashi su fita daga harami.

Da saura awa biyu kafin la'asar. Ya ce bari ya leƙa Tijjani ya sha shayi.

Wasan da suke yi ba irin kartar gida ba ne. Foka ake kiransa, Tijjani ya koyo shi a Jidda wajen wasu ma'aikatan tashar jirgin ruwa. Kowa a ba shi kati biyu ya ɓoye, a zuba kuɗi. A buɗe uku a tsakiya, na kowa da kowa, a sake zubawa. A ƙara ɗaya a zuba, a ƙara na ƙarshe. Wanda ya ga ba zai iya ba ya ajiye katinsa, ya haƙura da abin da ya riga ya zuba. Waɗanda suka jure har ƙarshe a buɗe, a ga wanda nasa biyun suka fi haɗuwa da na tsakiya. Sunayen katin kuwa na 'yan gari suka ara: ikka ce babba, sai shayib mai gemu, sai bint, sai walad, sannan masu lamba.

Suhaibu yana da wata dabara da yake ji da ita, wadda ya sa wa suna matsi. Idan wani ya buɗe da kuɗi, wani ya bi shi kawai bai ƙara ba, to shi daga baya sai ya ɗaga kuɗin sama sosai tun ba a buɗe komai a tsakiya ba. Na farko ya rasa yadda zai yi don yana tsoron na biyu a bayansa, na biyu kuma da ma da yana da ƙarfi ai da ya ƙara. Sau da yawa duka biyun su zubar, shi ya kwashe ba faɗa. Amma yana da doka a kai, kuma yakan koyar da duk wanda ya tsaya sauraro, ko ba a tambaye shi ba: kada ka matsa sai ka san abin da za ka yi bayan an buɗe ukun tsakiya. Matsi yana kumbura kuɗin tsakiya tun ba a je ko'ina ba, abin da ya rage a gabanka ya zama kaɗan. Idan a lokacin ne za ka fara tunani, ka makara. Ko a wajen aiki, yana saman bene yana kwance mukayyif, gumi na ɗiga, kansa na can yana jera kati.

Shayin ya zama zama. Ya fito da nasa na kansa, riyal ɗari tara, ya ajiye a kan bargo. Mutum biyar ne a teburin, amma biyu ne ke da kuɗi na kirki. Akwai Muhsin, haifaffen Makka, wanda kakanninsa suka zo ta Sudan a ƙafa, yana da shagon kayan waya kuma Larabci ya fi zama a bakinsa. Akwai Zali, tela mutumin Maraɗi, shiru-shiru, wanda ya gama ɗinkin Salla jiya ya zo da tulin kuɗi a gabansa yana wasa kamar mai tsoron kada su ƙone.

Sau biyu Suhaibu ya matsa Muhsin, sau biyu Muhsin ya bi shi yana dariya, ko a jikinsa. Na biyun ma da ƙyar Suhaibu ya dawo da kuɗinsa. Muhsin ya miƙe ƙafa, ya kurɓi shayi, ya ce da irin Hausarsa mai santsi:

"Ya shek, wa zai ji tsoronka? Fulus ɗin gabanka duka bai kai kuɗin tayar motata ɗaya ba."

Aka yi dariya. Maganar ta soki Suhaibu, musamman da yake gaskiya ce. Matsi ba ya aiki sai wanda ka matsa ya hango tudun kuɗi a bayanka ya ji gabansa ya faɗi. Sai ya sa hannu a aljihu, ya zaro ambulan, ya buɗe bakinta yadda za a ga kaurin abin da ke ciki, ya ajiye kusa da kuɗinsa. A zuciyarsa don ido kawai ya yi, ba zai taɓa ko riyal ɗaya ba. Tijjani, wanda shi ke rabo, ya tsaya da hannunsa ya tuna masa dokar ɗakin, cewa duk abin da ya taɓa bargo ya shiga wasa, ba a cewa wannan na ado ne. Suhaibu ya ce ya sani. Zali ya dubi rubutun ajamin da ke bayan ambulan, ya dube shi, ya mai da idonsa kan katinsa.

Abin takaici, dabarar ta yi aiki. Muhsin ya daina dariya, ya fara zubar da kati da wuri. Suhaibu ya ji daɗi har cikin ƙashinsa. Aka kira la'asar a masallacin unguwa, suka yi shiru har ladan ya gama, aka ci gaba. Ya ce wa kansa rabo uku ya tashi.

A na ukun ne ya ɗaga gefen katinsa ya ga bint biyu.

Muhsin ya buɗe da arba'in. Zali ya bi, bai ƙara ba, kamar yadda ya saba. Sauran biyun suka zubar. Ga matsi ya zo har gida, kuma wannan karon da kati mai kyau a hannu. Suhaibu bai yi gaggawa ba, ya bi dokarsa, ya tsara komai kafin ya taɓa kuɗi. Idan ikka ko shayib ya fito a tsakiya, zai zuba kaɗan sau ɗaya, aka taso masa ya ajiye ba gardama. Idan ƙananan kati suka fito, babu wanda ya fi bint ɗinsa, to ba ja da baya, har ƙarshe. Ya gamsu. Ya tura ɗari biyu.

Shiri ne mai kyau, ba mai kushe shi. Sai dai shirin mai ɗari tara ne. Shekara uku yana wasa da irin wannan kuɗin, har bakinsa ya saba, idan ya ce har ƙarshe yana nufin guminsa na sati biyu. Yau ƙarshen ya yi nisa, raguna bakwai ne kwance a cikinsa, shi kuwa malamin lissafi bai sake lissafin ba.

Muhsin ya yi tsaki ya wurgar da katinsa. Suhaibu har ya fara miƙa hannu, don bai taɓa sa Zali a lissafi ba. Sai tela ya ƙirga ɗari da sittin a hankali, ya cika nasa, ya tura.

Tijjani ya buɗe uku: tara, shida, biyu. Ƙanana duka, ba mai kama da wani. Zuciyar Suhaibu ta yi sanyi, wannan ce hanyar da ya fi so. Zali ya ƙwanƙwasa tebur alamar ya wuce. Suhaibu ya zuba ɗari biyu da hamsin. Zali ya daɗe yana kallon tsakiya, ya bi. Aka buɗe na huɗu, ya zo huɗu, kati marar amfani ga kowa. Zali ya sake ƙwanƙwasawa. Suhaibu ya tattara abin da ya rage nasa na kansa ya tura gaba ɗaya, yana jiran tela ya haƙura.

Zali bai haƙura ba. Ya sa hannu biyu ya turo dukan tulin gabansa tsakiya, kuɗin da ya fi na ambulan yawa.

Har zuwa lokacin nan, a fahimta, ba abin da ya taɓa kuɗin Goggo Shatu. Da zai ajiye katinsa, ɗari taransa ne kawai suka tafi, ya ɗauki ambulan ya fita, ya sami Ka'akiya kafin magariba. Ƙofa a buɗe take. Ya ga ƙofar sarai. A kusurwar ɗakin akwai ƙaramar talabijin da Tijjani ya kashe wa murya, tana nuna filin Arfa, fararen kaya har inda ido ya ƙare, hannuwa a sama. Ya san Goggo tana ciki. Ya kau da kai.

Sai Zali ya yi abin da ba a yi a wasan nan, ya yi magana.

"Aje, Suhaibu," ya ce, bai ɗaga murya ba. "Na hi ka. Aje ka tahi kasuwa."

Da wani ne, da ya ji. Amma Suhaibu ya yi shekara uku yana nazarin mutane a teburin nan, kuma iliminsa ya ce masa mai ƙarfi ba ya roƙon ka gudu. Wanda ya ce ka ajiye, tsoro yake ji. Ya jera abin da Zali zai iya riƙewa: walad biyu, goma biyu, tara da wani abu, duk bint ta fi su. Ya tuna shirinsa, ƙananan kati, ba ja da baya. Ya tuna sau nawa ya yi wa mutane faɗa a kan yin shiri sannan su watsar idan zafi ya zo. Ya ma hango kansa gobe yana saya wa Goggo rago mafi girma a kasuwa, daga aljihunsa, ba tare da ta sani ba. Wannan tunanin ne ya ƙarasa shi. Ya sa yatsa biyu a kan ambulan ya tura ta tsakiya.

Zali ya juya katinsa, shida biyu, ga ta uku a tsakiya. Tijjani ya buɗe na ƙarshe ba tare da ya kalli kowa ba, walad ne. Shi ke nan.

Ba wanda ya yi dariya, har Muhsin. Zali ya zazzage kuɗin, ya miƙa masa ambulan ba komai a ciki, wai ko zai buƙaci sunayen. Suhaibu ya karɓa, don hannunsa bai san abin da zai yi ba.

A bakin ƙofar baya Suhaibu ya tare Zali. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa ba a garin nan ya riƙe hannun rigar tela yana magiya. Ya gaya masa kuɗin waye, ya ce ya ba shi aro ko na wata ɗaya, ko rabi, ko na Goggo kaɗai. Zali ya saurare shi har ya gama. Ya ce ya gaya masa ya aje, a gaban shaidu, bai ji ba. Sannan ya ƙara da wata magana wadda har yau in ka tuna sai ranka ya ɓaci: wai ko ya mayar, kuɗin sun riga sun zama na caca, ba ya halatta a yanka wa Allah dabba da su, shi ba zai sa hannu a ɓata hajjin mutane ba. Ka ji malami! Da kuɗin a aljihunsa ya tsaya yana ba da fatawa. Ya gyara hularsa ya bi lungu ya tafi.

Suhaibu ya yi ta buga waya a tsaye cikin rana. Kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya kashe waya, ya tafi Ɗa'if hutun Salla. Abokan aikinsa duk suna Mina da Arfa suna lallaɓa mukayyif na tantuna, wanda ya ɗauka ma ihu yake ba ya ji. Tijjani ya ce shi kason rabo kawai yake ci, kuma ba ya shiga tsakanin mai ci da wanda aka ci. Dillalin Ka'akiya ya kira sau uku, Suhaibu na kallon sunansa yana haske har ya mutu. Na huɗun saƙo ne, cewa ya sayar wa wani da ragunan.

Akwai abu guda da ya rage, kuma ya san shi, don ya zauna a karatu ya ji da kunnensa. Alhajin da bai sami abin hadaya ba yana da mafita: azumin kwana uku a nan, bakwai idan ya koma gida, aikinsa ya cika. Matan nan bakwai ba su rasa hajjinsu ba tukuna. Abin da kawai suke buƙata shi ne su san ba a yanka ba. Idan ya faɗa, zai zama ɓarawon hadaya daga Mansur har Kazaure, Goggo ba za ta ƙara ɗaga kai a gaban 'yan ɗakinsu ba, amma za su yi azumi su tsira. Idan ya yi shiru, za su koma gida da suna Hajiya da rami a cikin aikinsu wanda ba za su taɓa sani ba. Ya yanke shawara zai faɗa. Ya maimaita kalmomin a bakinsa har suka zauna.

Da hantsin Salla wayar ta yi ƙara. Yana zaune a bakin katifa cikin kayan jiya, ko idi bai je ba.

Muryarta ta dushe, amma cike take da murna. Ba ta bar shi ya gama gaisuwa ba ta shiga ba shi labari. Sun kwana a ƙasa a Muzdalifa, tsakuwa ta ci mata haƙarƙari. Motarsu ta maƙale, suka sauka suka taka har Mina, ƙafarta ta kumbura kamar tulu, amma ta yi jifa da hannunta, ba ta wakilta kowa ba. Yanzu ga su a tanti su bakwai, almakashi ɗaya gare su, yana hannun Hajiya Ɗaso, shi kaɗai suke jira. Ta ce jiya bayan la'asar, da rana ta yi sanyi, ta ɗaga hannu ta kira sunansa da na uwarsa, ta roƙi Allah ya tsarkake masa abin da yake ci, ya sa kada hannunsa ya taɓa haram, har ta yi kuka matan suka riƙe ta.

Suhaibu ya buɗe baki. Kalmomin suna nan, a jere.

"To, ɗana," ta ce, "an yanka?"

Ya ji hayaniyar tanti a bayanta ta lafa, sun yi shiru suna sauraro.

"An yanka, Goggo."

"Duk bakwai?"

"Duk bakwai."

Ta tambaye shi ko nata mai ƙiba ne. Ya ce mai ƙiba ne, fari, da baƙi a kunne. Bai san daga ina wannan ya fito ba. Ya ji ta juya tana faɗa musu, ya ji hamdala ta tashi daga baki shida, wata tana cewa Allah ya yi wa yaron nan albarka. Goggo ta dawo kan wayar tana dariya, wai Ɗaso ta riga ta kama mata kitso. Kafin ta kashe ta ce abu ɗaya take roƙo, ya ajiye mata 'yar tsoka daga nata ragon, ko kaɗan ce, idan sun dawo masauki jibi ta sa a bakinta, don ta ji an ce sunna ce mutum ya ci daga hadayarsa.

Ya daɗe zaune da wayar a hannu. Daga baya ya lalube aljihunan wandunan aikinsa, ya haɗa abin da ya samu, ya sauka. Baƙala, kantin kayan abinci, ɗaya ce a buɗe a layin, ta wani ɗan Bangaladash. Ya buɗe firiza ya ɗauko rabin kilo na naman rago mai ƙanƙara, irin wanda ake kawowa a kwali daga wata ƙasa. Mai shagon ya yi masa barka da Salla, ya tambaya cikin wasa yadda aka yi mutum ke sayen nama a ranar da ake rabonsa kyauta. Suhaibu ya biya ya fita.

A ɗaki ya yage ledar, ya kankare takardar da ke manne mai kwanan wata, ya sa naman a bokiti ya zuba ruwa. Ya tsuguna a gabansa yana jira ƙanƙarar ta narke, ya ga ko zai yi kama da yankan jiya-jiya.